Kwalba Goma, Tukunya Ɗaya

Ni ba mashayi ba ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Amma da za a ɗaure mini ido a mayar da ni Kakuri ta shekarun 1980, da hanci kaɗai zan faɗa maka inda iska ta fito. In ta kaɗo daga wajen kamfanin giya, wani ƙamshi ne mai nauyi, kamar na kunun da aka manta a kan wuta. In ta juyo ta bayan gidanmu, tsami ne gauraye da hayaƙin itace, ka san Mama maƙwabciyarmu ta ɗora tukwanen burkutu. A tsakanin ƙamshin nan biyu na tashi, ɗan Musulmi, ɗan ma'aikacin masaƙa, a gidan haya da ya tara Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Ibo, rijiyarmu ɗaya, igiyar shanyarmu ɗaya.

Na san akwai mai karatun da zai ce, abin da addini ya haramta, ina ruwanmu da wanda ya sayi kamfaninsa? Ban zo yi wa giya talla ba, na kuma ga gidajen da ta rusa, har a layinmu. Sai dai dawar da ake dafa ta da ita, manominmu ne ya noma. Maltinar da muke rabawa a suna da walima, gida ɗaya suka fito. Sannan yadda sana'a ke suɓucewa daga hannun wanda ka sani ta koma hannun wanda ba za ka taɓa gani ba, wannan ya shafi atamfa da sabulu da man girki. A kan giya ne dai Allah ya sa na ga abin da idona tun daga tushe.

Wanda bai ga Kakuri a lokacin ba zai ɗauka ƙari ake yi. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, su Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya. Nigerian Breweries, kamfanin da UAC da Heineken suka kafa a 1946, wanda ya fito da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'antarsa ta Kakuri a 1963, ta uku bayan ta Legas da ta Aba. Ga masana'antar makamai ta DICON, ga Peugeot da ta fara haɗa motoci a 1975. Agogonmu jiniya ce. Da ta busa sai titi ya cika da kekuna, masu fitowa daga aikin dare idanu jajir da auduga a gashin kai, masu shiga suna sauri da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. Ƙarshen wata kuwa, daga mai tsire har mai gwanjo ba wanda ake gaya wa an yi albashi.

Mashayin unguwarmu yakan zama mutum biyu a wata ɗaya. Makon albashi ɗan kwalba ne, yana otal a kan kujerar ƙarfe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. In wata ya yi nisa, aljihu ya yi sanyi, sai ya dawo benci a gidan Mama ya rungumi ƙwarya.

Aikin Mama yakan ci kusan mako guda. Jar dawa take jiƙawa, ta tsame, ta baza a ɗaki ta lulluɓe da buhu, tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. Ta shanya tsiron a rana, mu yara mu samu aikin korar kaji da awaki, ladanmu ƙuli-ƙuli. A kai inji a niƙo, ta dama, ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake mayarwa wuta, wuni guda tana tsaye da muciya mai tsawon mutum, hayaƙi na cin idonta. In ya huce ta tace, ta zuba ɗan ragowar tsohuwar dahuwa da ta ɓoye, shi ne zai tayar da sabuwar. Washegari sai ka ji randa na tsuwa ita kaɗai, kumfa na hawa. Dusar da ta rage masu kiwon alade su zo su saya. Matan da ke wannan sana'a sun raba kwanakin mako a tsakaninsu, kowace da ranarta, domin abin ba ya ajiyuwa, in ya kwana biyu ya zama tsami zalla. Mashaya kuma sun san hannun kowace. Ta Mama kauri gare ta, ta matar bayan coci zaƙi, ta wata tsohuwa a Makera an ce ƙwarya biyu ta ishe ƙato.

Akwai wata al'ada da sai da na girma na gane nauyinta. Duk wanda ya shigo, kafin ya ciro kobo, sai an ɗebo masa kaɗan ya ɗanɗana. In ta yi masa ya zauna, in ba ta yi ba ya faɗa a gaban kowa. Abokin aikin babana, wani mutumin Zonkwa da muke ce wa Kawu, shi ne sarkin ƙorafi. Ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Mama, yau kam Kogin Kaduna kika juye mana."

"Kai da ba ka biya na makon jiya ba? Biya tukuna, bakinka zai dawo daidai."

A kwashe da dariya. Amma sai ta miƙe ta ɗebo masa daga randar da ke ƙuryar ɗaki, mako mai zuwa kuma a ji ta rage ruwa. Bashi da gawayi take zana shi a bango, layi-layi. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta ɗaga masa ƙafa. Ta san wanda ya isa haka, ta kife ƙwaryarsa ta ce ya tafi gida, ba ya kuwa musu, don gobe ma nan zai dawo. Ba waliyyiya ba ce, kasuwarta take yi. Amma mai dafawa da mai sha kullum suna haɗa ido, cocinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, in an yi rasuwa tabarma ɗaya suke zama.

Ita ma kwalba a wancan zamani tana da garinsu. Masana'antun giya a Nijeriya sun haura ashirin a shekarun 1980, da yawansu gwamnatocin jihohi ne ko attajiran yanki suka kafa. Direbobin tirela da ke kwana a Kakuri sukan ce ba sai sun karanta allon shiga gari ba, abin da aka ajiye musu a tebur ya isa: Rock a Jos, Double Crown a Kano, More a Makurɗi, Premier a Anaca, Golden Guinea a Umuahia, Trophy a Ilesha. A Kaduna kanta gida biyu ne. Ga na Kakuri mai Star da Gulder, ga IBBI a Kudenda ta wajen hanyar bayan gari, mai dafa Kronenbourg, giyar Faransa da suka karɓi lasisinta. Kawu ɗan Kudenda ne a wannan fage, abokansa 'yan Kakuri. Su raba dare suna musu, kamar magoya bayan Ranchers Bees da na Mighty Jets.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi kamfanoni suka saba dahuwa. Dole suka juya ga dawa da masara. Ina ajin farko na sakandare lokacin. Na tuna Kawu ya shigo gidanmu wata Asabar kamar wanda aka yi wa sata, yana cewa an canja wa kwalbarsa baki. Mama na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To ai burkutu suke sayar muku a kwalba, kuna ba su kuɗin ƙwarya goma!"

Dariyar ba ta yi nisa ba. Da kaka ta yi, Mama ta je sayen dawa ta tarar dillalan kamfani sun riga ta da manyan motoci, suna kwasa buhu-buhu. Manomi ya ji daɗi, haƙƙinsa ne kuwa. Amma daga ranar, mace mai sayen tiya ashirin ta shiga layi ɗaya da mai tirela. Ko bayan da aka sassauta dokar, dawa ba ta fita daga tukunyar kamfani ba, har sashen yin tsironta ake da shi a Kudenda. Kashin dankali daga nan ya soma.

Sai abubuwa suka zo a jere. Rikicin Fabrairun 2000 ya mayar da kogi iyaka. Mu muka kwashe kaya muka haye arewa, waɗansu suka hayo kudu, gidan hayarmu mai rijiya ɗaya ya watse. Rikicin Nuwamban 2002 ya ƙarasa abin da ya rage. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, jiniya ta yi shiru. Dubban magidanta da suka saba da albashi suka koma acaɓa da gadi da noman bakin kogi. Harkar shaye-shaye ta tattara a kudu, Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha da Romi.

A daidai lokacin da aljihun mashayi ke ramewa, a can sama haɗiyar juna ake yi. Heineken ta Holan ta mallaki mafi rinjayen hannun jarin Nigerian Breweries a 2000. A farkon 2011 ta sayi masana'antu biyar daga rukunin Sona a ciniki ɗaya: ta Ota, ta Anaca, ta Makurɗi, ta Uyo, da IBBI ta Kudenda. Kafin shekarar ta fita Kudenda ta koma ƙarƙashin Nigerian Breweries. A ƙarshen 2014 aka haɗe Nigerian Breweries da Consolidated Breweries mai "33", More ta Makurɗi ma ta shigo gidan. A ɗaya gefen, kamfanin SABMiller ya tattara ta Fatakwal da ta Ilesha, ya gina sabuwa a Anaca, sai shi ma AB InBev na Beljiyam ya haɗiye shi a 2016 a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 100. A 2024 Diageo ta Ingila ta sayar wa Tolaram na Singafo kasonta na kashi 58 cikin 100 a Guinness Nigeria. Yau gida uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar giyar kwalba a ƙasar nan. Kronenbourg kuwa, sunanta tun 2008 mallakar Carlsberg ne na Denmak, kishiyar Heineken, ba ta kuma cikin abin da Kudenda ke dafawa. Musun su Kawu ya mutu, ƙungiyoyin biyu sun zama na maigida ɗaya.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A Amurka, mutanen da suka gaji da giyar manyan kamfanoni sun yi ta buɗe ƙananan gidajen dahuwa na kansu, kowane da hannunsa, mashaya na alfahari da cewa sun san mai dafawa. Da suka yi suna, manya suka zo da jakar kuɗi. A 2011, shekarar da aka sayi Kudenda, AB InBev ya sayi Goose Island ta Shikago. Heineken ta ɗauki rabin Lagunitas ta Kalifoniya a 2015, ta ƙarasa sauran a 2017. Anchor ta San Faransisko, wadda take dahuwa tun 1896, Sapporo na Japan ya saye ta a 2017 ya rufe ta a 2023. Mashayan can suka yi ta kukan cewa an bar musu suna a jikin kwalba an ɗauke mai ita. Abin dariyar shi ne, abin da suke biyan kuɗi mai tsada don su samu, wato giyar unguwa daga hannun wanda ka sani, shi ne Mama take yi a bayan gidanmu ana raina ta. Abin da ba na dariya ba kuma shi ne, su in an saye wannan gida suna da dubban waɗansu, suna da kuɗin zuwa. Mashayin Kakuri in kwalba ta fi ƙarfinsa, ƙasa yake gangarawa.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, da yawa daga cikin ƙananan masana'antunmu sun riga sun kama hanyar kabari kafin mai saye ya zo. Injuna sun tsufa, bashi ya yi katutu, waɗanda ke hannun gwamnati an mayar da su saniyar tatsa. Wadda babban kamfani ya ɗauka ta samu sababbin injuna, ma'aikatanta suka ci gaba da ganin albashi. Waɗanda ba a ɗauka ba, da yawansu ciyawa ce ta gaje su. Kwalbar yau tana da tsabta, wadda aka buɗe a Kaduna ita ce aka buɗe a Kalaba. Burkutu kuwa ba mai duba ruwan da aka dafa ta da shi, akwai kuma marasa tsoron Allah da ke tsarma mata abin da zai sa ta bugu da wuri. Duk wannan haka yake. Amma ba a nan asarar take ba, sai da na koma na gani.

A damunar 2024 na haye gada na je gaida Kawu a Romi. Ta Kakuri na bi da gangan. A watan Afrilun shekarar, bayan naira ta faɗi kamfanin ya bayyana asarar naira biliyan 106 a 2023, Nigerian Breweries ya sanar da dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara, ɗaya ita ce ta Kakuri. Na sauke gilashin mota na shaƙi iska. Ƙura da hayaƙin keke-napep, shi ke nan. Shekara 61 ana dahuwa a wurin. Ba ma'aikacin Kakuri ne ya yi ƙiwuya ba, ba mashayin Kakuri ne ya yi yaji ba. Lissafin dala ne, aka yi shi a inda ba a san warin unguwar ba.

Kawu ya tsufa, ido ya yi hazo, amma bakin na nan. Muna zaune a ƙofar gidansa, kusa da shagon maƙwabcinsa, ya sa aka jawo kiret ɗin kwalaben da aka shanye.

"Ɗana, kai da ka yi boko, karanta mini ƙananan rubutun nan na baya."

Na riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya. Star, Gulder, Goldberg, Life, "33". Launi daban, hula daban, amma suna ɗaya, adireshi ɗaya a Iganmu ta Legas.

"Ka gani? Kwalba goma, tukunya ɗaya. Duk kanwar ja ce. Da in wannan ya ɓata mana rai sai mu koma wancan. Yanzu wa za ka yi wa yaji?"

Wannan ita ce dabarar zamani. Ba a kashe sunayen gari, raya su ake yi. An ɗinka wa Goldberg agbada an ce ta Yarabawa ce, an ɗora wa Life jar hula an ce ta Ibo ce, gidan kishiya ma ya yi haka da Trophy da Hero. Mashayi na ɗaga kwalba yana jin ta gida ce, riba kuwa ta san hanyar da take bi. Kamfanonin kan ba mai shago firji da tebura da laima masu launinsu, a wannan zafi da tsadar nan wa zai ƙi, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: firjin kayan mai shi kaɗai ke shiga. In kuwa an ƙara kuɗi, kamar yadda aka yi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a farkon 2024, takarda ce kawai ke zuwa wa dila, dila ya gaya wa mai shago, mai shago ya buɗe hannu ya ce daga sama ne. Ba ɗanɗano, ba bashin gawayi, ba wanda za ka kalla ka ce yau ba ta yi ba.

Kawu ya nuna mini wani kes a tsallaken titi da sandarsa. Ledojin barasa ne rataye jere-jere kamar na omo. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta su a farkon shekarar, ga su nan dai suna lilo. Muna kallo wani ɗan acaɓa ya tsaya, ko injin bai kashe ba, ya yage leda da haƙori, ya tsotse, ya yar, ya ja mashin.

"Can jikokinmu suka faɗa," in ji Kawu. "Mu da muna sha a zaune, da hira, da wanda zai ce ya isa. Burkutu ko ba komai tana cika ciki. Wannan wuta ce, a tsaye, shi kaɗai. Wa ya dafa? Wa ya sani?"

Na tambaye shi Mama. Ya ce ta rasu shekarun baya, 'yarta ce ta gaji tukwanen. Tare muka yi wasan ƙasa da ita, don haka na ce ya raka ni in yi mata gaisuwa, ko da ta makara. Na tsaya daga bakin zaure aka kawo mini kujera. Tukwanen ƙasa sun zama gangar ƙarfe, randa ta zama robar ruwa, gawayin bango ya koma littafin makaranta. Bencin kuwa cike, har da masu takalmi sau-ciki da a da ba za su yarda a gan su a nan ba. Ta yi ta mamakin furfurata, ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya da sunansu, ta aiki yaro ya sayo mini abin sanyi. Sannan ta ɗebo wa Kawu ɗanɗano, ɗan kaɗan a gindin ƙwarya, bai kai rabin na da ba.

Ya kurɓa. Ya yatsine fuska, irin yadda na san shi shekara arba'in da suka wuce.

"'Yar nan, hannunki bai kai na uwarki ba. Ruwa ya yi yawa."

"Baba, ka san nawa tiyar dawa a kasuwa yau?"

Ta faɗa tana harararsa. Amma ta karɓi ƙwaryar ta shiga ɗaki, ta fito da ita cike daga wata robar. Ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya juyo wajena.

"Ka ga? A duk garin nan, nan kaɗai ya rage inda zan yi magana a gyara."

Yaron ya dawo da Maltina mai sanyi, ya buɗe ya miƙo mini. Ban san lokacin da na juya kwalbar na kai ido kan ƙananan rubutun baya ba. Kawu ba ya gani sosai, amma ya ji shirun da na yi. Ya fashe da dariya har ƙwarya na rawa a hannunsa.

"Sha abinka, ɗana. Kai ma kana cikin tukunyar."